Tirelar kwana: na'urorin da ke gadinta daga gobara da yoyon gas

In kana yawan leƙa YouTube ko TikTok, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da bidiyon wasu mutanen Amurka ko Ingila da suka ɗaura wani ɗan ƙaramin gida a bayan motarsu suna ja ba. Ciki akwai gado, akwai kicin, akwai banɗaki, wani har da talabijin da na'urar sanyaya ɗaki. A wajenmu in an ce tirela, hankali kan tafi ga dogayen motocin da ke ɗaukar siminti ko shanu zuwa kudu. Wannan daban take. Ba ta da inji, motar gida ce ko a-kori-kura ke janta, kuma kwana ake yi a ciki. Mu kira ta tirelar kwana. Da a ce wayar hannu ba ta riga ta ƙwace sunan tafi-da-gidanka ba, to da ita ce ta fi cancanta da shi.

Akasarin waɗanda ake sayarwa a Amurka ana ƙera su ne a jihar Indiyana, musamman a garin Elkhart da kewayensa, inda kamfanoni irin su Forest River da Jayco suke da masana'antu. Airstream kuwa, mai jikin gwangwani mai ƙyalli da aka fi gani a finafinai, a jihar Ohayo ake yin ta. Abin da masu bidiyo ba su cika nunawa ba shi ne, wannan gida akwati ne na siraran katako da soso da roba, wanda aka haɗa tukunyar gas da murhu da batir da wayoyin lantarki a cikinsa, sannan aka bi titi da shi ana girgiza shi na ɗaruruwan kilomitoci. Duk inda aka ɗaure da noti, girgiza na iya sassauta shi. In wuta ta kama, mintuna kaɗan ne tsakanin hayaƙin farko da cinye komai. Shi ya sa hukumar NFPA ta Amurka, wadda ke tsara ƙa'idojin kare gobara, take da kundi na musamman mai lamba 1192 don irin waɗannan motoci, a Turai kuma ƙa'idar EN 1949 ce ke kula da yadda ake haɗa gas a cikinsu.

Gas ɗin da ke kwanciya a ƙasa

Gas ɗin da tirelolin Amurka ke amfani da shi furofen ne, ɗan'uwan wanda muke girki da shi. A cikin tukunya ruwa ne, sai ya fito yake zama iska, kuma lita ɗaya ta ruwan kan zama kusan lita 270 ta iska. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan sau ɗaya da rabi, don haka in ya yi yoyo ba ya tashi sama ya fice ta taga. Gangarawa yake yi kamar ruwa, ya taru a ƙasa, ya shige ƙarƙashin gado da cikin kabad.

Ba ya buƙatar yawa kafin ya zama bala'i. Da zarar ya kai kashi 2.1 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Mu ɗan yi lissafi. Ɗauki tirela mai tsawon mita 6 da faɗin mita 2.3. Iskar da ke tsakanin daɓe da tsayin santimita 30 ba ta wuce lita 4,000 da 'yan kai ba. Kashi 2.1 na wannan bai kai lita 90 ba, wato kusan sulusin lita ɗaya na ruwan gas. Abin da bai cika kwalbar ruwa ƙarama ba ke nan. Mutum na iya tsayawa a ciki hancinsa na can sama bai ji komai sosai ba, alhali ƙafafunsa na cikin abin da zai iya tashi da shi.

Asalin furofen ba shi da wari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da kake ji, wani sinadari ne da ake zubawa da gangan, sunansa itil makaftan. Al'adar sa wa gas wari ta kankama ne bayan fashewar da ta faru a wata makaranta a New London, jihar Tekzas, a watan Maris na 1937, inda gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin ya kashe mutum kusan 300, akasarinsu ɗalibai. Sai dai hanci ba abin dogaro ba ne. Mai barci ba ya jin wari, mai mura ma haka, kuma hanci kan saba da wari in ya daɗe yana jinsa.

Nan na'urar gano gas take shigowa. Ƙaramin akwati ne da ake kafawa a bango kusa da daɓe, saboda dalilin da muka faɗa. A cikin yawancinsu akwai wani ɗan ƙwayar sinadarin kuza da ake ɗumamawa da lantarki. In gas ya taɓa shi, yadda lantarki ke ratsa shi sai ya canza, na'urar ta lura ta fasa ƙara. Wani Bajafane mai suna Naoyoshi Taguchi ne ya fito da wannan dabara a shekarun 1960, kuma har yau ita ake amfani da ita. Ƙa'idar Amurka ta ce dole na'urar ta yi ƙara kafin gas ya wuce rubu'in adadin da zai iya kamawa da wuta, don mutane su samu sararin fita.

Tunda kullum tana ɗumama wancan ƙwayar, tana cin wuta fiye da abin da ƙaramin batir zai iya ɗauka, shi ya sa ake jona ta kai tsaye da babban batirin tirelar mai bolt 12. Wannan yana da illarsa. In batirin ya mutu, mai gadi ya yi barci. Sannan ga ta da saurin fushi: feshin turare, maganin sauro, man goge daɓe, har tusar karen da ya kwanta kusa da ita, duk suna iya tayar da ita da tsakar dare. Da yawa daga masu tirela in abin ya ishe su sai su zare mata fiyus su koma barci. A ganina wannan ita ce mafi haɗarin ɗabi'a a duk wannan harka, domin ranar da yoyon gaskiya zai zo babu wanda zai tuna an kashe ta. Ita ma tana tsufa. Akasari shekara 5 zuwa 7 take yi, kuma ana buga ranar ƙera ta a jikinta.

Tun daga bakin tukunya

Kafin gas ya kai ga murhu yana wuce shingaye da dama. Tukwanen, waɗanda galibi biyu ne masu kilo 9 ko kilo 13 da rabi, ana ɗaure su a waje a gaban tirelar, inda iska ke kaɗawa. A Turai akan sa su cikin akwati na musamman wanda aka huda ƙasansa, don in an yi yoyo gas ya zube waje. Ba a cika tukunya fiye da kashi 80 cikin ɗari, saboda ruwan gas yana kumbura in ya ji zafi. Tun watan Afrilun 2002 ƙa'idar Amurka ta hana cika ƙananan tukwanen da ba su da wata 'yar na'ura a ciki mai kama da abin da ke tsayar da ruwa a tankin banɗaki. In ruwan gas ya kai kashi 80 sai ta rufe. Ana gane irin wannan tukunya da marufinta mai kusurwa uku. Tukunya in ta shekara 12 da ƙerawa kuwa, sai an sake gwada ta kafin a ci gaba da cikawa.

Notin robar da ke haɗa tiyo da tukunya shi ma ba noti ba ne kawai. A cikinsa akwai abin da ke rage gudun gas in ya ji yana fita da yawa lokaci guda, kamar in tiyo ya tsinke, akwai kuma wani ɓangare da ke narkewa in wuta ta taɓa shi, ya rufe hanyar gaba ɗaya. Daga nan sai regileta mai hawa biyu. Ƙarfin da ke cikin tukunya a rana mai matsakaicin zafi ya ninka na iskar tayar mota fiye da sau uku, regileta ce ke sauke shi zuwa ɗan abin da murhu zai iya ɗauka. A Turai kamfanin Truma na Jamus yana yin regileta mai na'urar jin karo: in aka yi hatsari ta ji bugun, nan take ta datse gas. Duk da haka shawarar da aka fi bayarwa ita ce a rufe tukunya kafin a hau titi, kuma a kashe duk wata wuta kafin a shiga gidan mai.

Gwajin yoyo dai har yanzu bai wuce ruwan sabulu ba. A shafa a mahaɗa, in ya yi kumfa akwai matsala. Ba a gwadawa da ashana.

Wanda ba a gani, ba a ji

In gas na girki yana da wari, kabon monoksaid ba shi da komai: ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Yana samuwa ne duk lokacin da wani abu ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba, ko gas ne, ko fetur, ko gawayi. In ya shiga huhu yana manne wa jini fiye da yadda iskar oksijin ke yi sau 200 ko fiye, sai jinin ya riƙa zagayawa ba ya ɗauke da abin da jiki ke buƙata. Alamunsa na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da kowa zai ɗauka gajiyar tafiya ce ko zazzaɓi. Wanda ya same shi yana barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa. Hukumar CDC ta Amurka ta ce sama da mutum 400 ke mutuwa a ƙasar duk shekara ta wannan hanya, ban da waɗanda gobara ta kashe.

Na'urar da ke gano shi tana aiki ne da wani ɗan batir na sinadarai wanda ke fitar da lantarki daidai yawan gubar da ta shiga cikinsa. Abin sha'awa shi ne ba ta yin ƙara da zarar ta ji shi, tana haɗa yawa da lokaci ne, kamar yadda jinin mutum ke tara shi. A ƙa'idar Amurka, in gubar ta kai kashi 70 cikin miliyan, na'urar za ta yi ƙara tsakanin awa ɗaya zuwa huɗu. In ta kai 150, tsakanin minti 10 zuwa 50. In ta kai 400, tsakanin minti 4 zuwa 15. Ƙararta ma daban ce: sau huɗu a jere sannan ta ɗan tsaya, yayin da ta hayaƙi ke yin sau uku. Ya kamata duk mai kwana a ciki ya san bambancin, domin in an ji huɗu babu wutar da za a nema, abin yi shi ne kowa ya fita waje.

Nauyin wannan guba kusan ɗaya yake da na iska, tana gauraya da ita ko'ina, shi ya sa ba dole sai a ƙasa za a kafa na'urarta ba. An fi so ta kasance kusa da wurin kwana.

Daga ina take fitowa a tirela? Na'urar ɗumama ɗaki da ta ruwan zafi an tsara su ne su ja iska daga waje su kuma fitar da hayaƙinsu waje, ba tare da ya haɗu da iskar ciki ba. Na'urar ɗumama ɗakin ma tana da wani ɗan makunni mai kama da filafili wanda sai fanka ta busa shi kafin gas ya buɗe. Amma in bututun fitar hayaƙi ya toshe, lissafi ya rushe, kuma babban mai toshe shi a Amurka shi ne zanzaro, wanda ke gina ɗakinsa na laka a ciki lokacin da tirela take ajiye. Sai masu kunna murhun girki don jin ɗumi da dare, da masu shigo da kaskon gasa nama ciki bayan an gama, suna ganin ai garwashin ya mutu. Sai kuma janareto, naka ko na maƙwabcinka a sansani. Shawarar hukumomin Amurka ita ce a nisanta shi aƙalla mita 6, bakin hayaƙinsa na kallon wani wajen. Sababbin janaretoci, irin na Honda masu CO-MINDER, suna kashe kansu in gubar ta taru a kusa da su.

Wannan ɓangaren bai tsaya ga Turawa ba. Duk wanda ke bin labarai a Najeriya ya sha jin iyalin da aka wayi gari aka tarar sun rasu bayan sun kwana da janareto a baranda ko cikin shago, haka ma masu shiga da kaskon gawayi ɗaki lokacin hunturu su rufe ƙofa da taga. Guba ɗaya ce, kuma na'urar da ke gano ta mai batir ce, ba ta buƙatar wutar NEPA.

Hayaƙi, abin kashe wuta da tagar tsira

Na'urar gano hayaƙi a rufi take, tunda hayaƙi sama yake yi. Iri biyu ne. Ɗaya na amfani da ɗan mitsitsin sinadarin amerisiyam, ta fi saurin jin wuta mai harshe. Ɗayar na amfani da haske, in hayaƙi ya shiga ya karkatar da hasken sai ta yi ƙara, ta fi jin wutar da ke ci a hankali cikin katifa ko waya. A wurin da murhu da gado ba su fi taku uku tsakani ba, ta biyun ta fi dacewa domin ba ta cika ihu a kan soya ƙwai ba. Kowacce ce, shekara 10 ne iyakarta.

Abin kashe wutar da ke zuwa da tirela ƙarami ne, na hoda, kuma kusa da ƙofa ake rataye shi da gangan, don mai amfani da shi ya kasance hanyar fita na bayansa. Daƙiƙa goma ko makamancin haka yake yi ya ƙare. Amfaninsa shi ne ƙaramar wutar da aka gani da wuri, ko buɗe hanya a fita. Wanda ya tsaya yaƙi da wutar da ta kama bango ya yi ganganci. A 2017 kamfanin Kidde ya janye kusan miliyan 40 na irin waɗannan masu hannun roba saboda suna iya ƙin fesawa, kuma da yawansu a cikin tireloli da jiragen ruwa suke.

Tunda ƙofa ɗaya ce a yawancin tireloli, kuma sau da yawa kicin na tsakanin gado da ƙofar, ƙa'ida ta tilasta a yi hanyar fita ta biyu. Taga ce mai jan hannu da ke buɗewa gaba ɗaya. Robar gefenta kan manne in an daɗe ba a buɗe ba, don haka gara a gwada ta da rana tsaka, yara ma su san yadda ake yi.

Firjin da ke aiki da wuta

Zai ba ka mamaki, amma tsofaffin firjin tirela da harshen wuta suke sanyaya abinci. Wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro tsarin a 1922. Wutar gas tana tafasa ruwan amoniya, tururin ya zagaya cikin bututu tare da iskar haidurojin, ya ɗebe zafin cikin firjin, sannan ya gangaro da kansa. Babu inji, babu ƙara. Matsalar ita ce sai firjin ya zauna daidai. In an ajiye tirela a karkace aka bar shi yana aiki, ruwan ba ya gangarowa yadda ya kamata, tukunyar tafasawar ta yi zafi fiye da kima, a hankali ta tsage, abin da ke ciki mai kamawa da wuta ya fito daf da harshen wuta. Manyan kamfanonin biyu, Dometic da Norcold, duk sun taɓa janye firji masu yawa a shekarun 2000 saboda haɗarin gobara. Warin amoniya ko wata hoda ruwan ɗorawa a bayan firjin alama ce ta a kashe shi nan take. Yanzu sababbin tireloli da yawa sun koma firji mai kwamfiresa da ke aiki da batir da sola.

Lantarkin ma na da nasa masu gadi: fiyus a layin bolt 12, da soket na musamman a kicin da banɗaki wanda ke datse wuta in ya ji ɗan abin da bai wuce miliamfiya 5 ba yana bin hanyar da ba tasa ba. A kan titi kuwa, gobara kan taso daga ƙafa, in boris ya bushe ko birki ya riƙe ko taya ta yi faci ana ci gaba da ja.

Ina wayarka ta shigo?

A nan ne abin ya zo gidanmu. Akwai 'yar na'ura ta kamfanin Mopeka da ake manna wa ƙasan tukunyar gas da maganaɗisu. Tana harba sautin da kunne ba ya ji zuwa cikin tukunyar, ta auna tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo daga saman ruwan, sai ta turo maka yawan gas ɗin da ya rage ta Bluetooth. In ka ga yana raguwa alhali babu abin da ke kunne, ka san akwai zance. Akwai na'urorin da ake ɗaurawa a bakin taya su riƙa turo zafinta da ƙarfin iskarta. Akwai masu tsaron lantarki irin Power Watchdog da ke nuna maka a manhaja in wutar sansanin ta yi sama ko ƙasa, su kuma datse ta. Batiran litiyam na zamani su ma suna nuna zafinsu da cajinsu a waya.

Wayar da ke hannunka ma tana da abin da mutane da yawa ba su sani ba. iPhone tun daga iOS 14, da wayoyin Android tun 2020, suna iya sauraron ƙarar na'urar hayaƙi su sanar da kai ta girgiza ko walƙiyar fitila. A sashen saitin masu buƙata ta musamman ake kunna shi, don kurame aka yi shi tun asali. Apple da kansa ya yi gargaɗin kada a dogara da shi a halin gaggawa.

Amma a kula da abu biyu. Bluetooth ba ya nisa, in ka bar sansanin sai in na'urar tana da intanet ko layin waya nata, kuma wuraren da ake kai tirela sau da yawa babu sabis. Na biyu, wayoyin da muke riƙewa ba su da abin jin gas ko kabon monoksaid a cikinsu. Duk manhajar da ta ce za ta gano maka yoyo da wayarka kaɗai, ba tare da wata na'ura a waje ba, wasa ce ko kuma tallace-tallace take son nuna maka.

In kuwa na'urar gas ta yi ƙara, ko aka ji wari, wayar ma ba a taɓa ta a ciki. Ba a kunna fitila, ba a kashe wadda ke kunne, domin makunni kan yi ɗan tartsatsi ta kowane ɓangare. A fitar da kowa, a bar ƙofa a buɗe, a zaga a rufe tukunya in ana iya kaiwa gare ta lafiya, sannan a yi nisa kafin a kira 'yan kwana-kwana ko mai gyara.